Gambar Dutsen Zabi

"Ba zan sa wa dutsen nan wuta ba, ranka ya daɗe."

Ɗayyaba ta faɗi maganar a hankali, waya manne da kunnenta, idonta a kan jarkokin fetur da direban hukuma ya dire a ƙofar gandu kafin ya juya da mota. Shiru ya ɗan ratsa. Ta san irin shirun. Alhaji Dankure, Daraktan Hukumar Raya Dutsen Zabi, ba ya ɗaga murya, sai dai ya cire tabarau ya ajiye.

"Ban ji ki ba."

"Na ce ba zan sa ba."

"Ɗayyaba, ba shawara nike nema ba. 'Yan kwamiti na nan tahe daga Abuja. Su za su ce a maida wurin ga gandun daji na ƙasa, ko a bar mu da kayanmu. Mi za su iske? Busasshen haki kamar bayan tsohon jaki? A ƙone shi yau, ƙasa na da sauran sanyi, kafin su zo toho ya fito, dutse ya yi kore shar. Kowa haka yake yi. Tun kina goye nike wannan aiki."

"Akwai dashen itatuwa a cikin hakin."

"Ya sake tohowa."

"Ba ya tohowa, ranka ya daɗe. Ƙiryar da ba ta wuce gwiwa ba, in wuta ta lashe ta, ta tafi ke nan."

"To, saurara. Ki ba Irimiya makullai. Ki iske ni ofis kafin azahar. Shi ne zai sa wutar da la'asar, in iska ta kwanta."

Ya kashe wayar.

Ta ɗaga kai ta dubi dutsen. Ba wani dogon dutse ba ne. Tudu ne na marmara mai shimfiɗaɗɗen kai, ya miƙe tsakanin Argungu da Gulma yana kallon fadamar Rima. Ranar da aka turo ta nan, ba da daɗewa da gama karatun gandun daji a jami'a ba, ƙwal yake, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Duk damina ruwa ya kwaso yashi daga bisa ya shimfiɗa a kan shinkafar mutanen Tungar Marke. A ofis an yi ta dariya a ɓoye, wai an ba mace tsandauri ta yi reno. Ba ta tanka wa kowa ba. Ta kama ɗaki a Argungu, kullum ta hau kabu-kabu ta zo. Ita da 'yan gadi da matan tunga suka jera duwatsu a gicciye don su tare ruwa, suka haƙa ramuka masu siffar jinjirin wata, suka watsa irin gamba, suka dasa ƙirya da taura da marke. Daminar farko awaki suka cinye rabi. Ta biyu ruwa ya ɗauke da wuri, ta riƙa hawa da jarka a ka har wuyanta ya ƙage. Yanzu damina ta huɗu ta wuce, gamba ta fi mutum tsayi, ta bushe ta yi ruwan zuma, kawunanta sun yi nauyi da iri. A ƙarƙashinta, kowane ɗan itace na zaune cikin zoben duwatsunsa. Makon jiya ta ga sawun gada a bakin kwazazzabo, ta tsaya ta daɗe tana kallo ita kaɗai.

Irimiya, shugaban 'yan gadi, yana tsaye a bayanta yana jujjuya hularsa. Mutumin Filato ne, kuma bai taɓa yarda a kira wurin dutse a gabansa ba. Yakan ce a garinsu ko akuya ba za ta kira wannan dutse ba, tarin ƙasa ne. Amma shi ne ya taɓa bin wani maharbi da gudu har gulbi saboda zabuwa ɗaya.

"Madam, ya kira ni tun kafin ya kira ki," in ji shi. "Kin san ni. Aikina na kwantiragi ne. Cynthia tana ajin ƙarshe. Ba ni da bakin cewa a'a."

"Na sani, Baban Cynthia. Ban ce ka ce a'a ba."

Ta miƙa masa makullan. Ya karɓa kamar an ɗora masa garwashi a tafin hannu.

"To me zan yi?"

"Abin da aka ce maka. Da la'asar ka ɗauki jarka ka tafi gindin dutse. Amma ka duba da kyau kafin ka ƙyasta ashana. Ai kai kake koya wa yaranka 'yan gadi, ba a sa wuta sai an tabbata babu mutum a ciki."

"Wa zai shiga? Kin hana kowa hawa sai iri ya zuba."

Ta shiga ɗan ɗakin da suke kira ofis, ta miƙa hannu ta sauko da wani lauje da ke rataye a ƙusa, ta naɗe shi da tsumma ta sa a jaka. Irimiya ya bi jakar da kallo. Ya sa hularsa.

Fadama cike take da mutane, don ana tsakiyar yankan shinkafa. Maza na yanka, mata na buga dammuna a jikin tsofaffin durom, ƙura da ƙaiƙayi na tashi. Ɗayyaba ta bi kan kunyar gona tana gaisawa har ta isa inda take nema.

"A'a! Ga ɓarauniyar lauje!" in ji wata tsohuwa, ba ta ko daina bugu ba. "Ku ɓoye kayanku, gwamnati ta iso!"

Mata suka kwashe da dariya.

Inna Laure ke nan, jagorar matan da ke yankan gamba suna sayar wa masu saƙar zana. A shekarar Ɗayyaba ta biyu ta kama ta a kan dutse tana yanka tun iri bai nuna ba, ta karɓe laujen a gaban jama'a. Laure ta yi shekara ba ta amsa mata gaisuwa. Sai da damina ta zo ta wuce yashi bai sauka a gonarta ba, ta fara amsawa. Laujen dai ba ta taɓa tambaya ba, sunan kuma ba ta taɓa janyewa ba.

"Sannu da aiki, Inna."

"Sannunki, ɗiyar boko. Yau wa za ki kamawa?"

Ɗayyaba ta durƙusa, ta kwance tsumman, ta ajiye laujen a gabanta. Bugu ya tsaya. Laure ta ɗauka, ta juya shi, ta gwada bakin da babban yatsa.

"Ya dakushe."

"Ina shafa masa mai."

"Man gwamnati na, shi ya sa." Ta ɗago ta ƙura mata ido. "Mi ya faru? Ba haka kawai kinka kawo shi ba."

"Na zo buɗe dutse. Yau. Yanzu."

"Iri bai zuba ba. Ke da bakinki kinka ce duk wadda ta hau kahin iri ya zuba sai ta ga alƙali."

"Ni na faɗa. Amma an ba da umarni a ƙone shi da la'asar."

Maganar ta bi mata kamar an watsa ruwa. Wata ta saki damin da ke hannunta. Ɗayyaba ta yi musu bayanin baƙin da toho da koren da ake so a nuna. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta zagi kowa ba.

"Wato a ƙone muna gambar bana don wasu su ɗauki hoto," in ji Laure.

"Da gambar, da dashen. In dashen ya tafi, baɗi ko wata baɗin yashi ya dawo."

"Wa ka sa wutar?"

"Irimiya aka umarta."

"Wanga mai cewa dutsinmu tarin ƙasa na?"

"Shi. Ba da son ransa ba. Kuma ba zai ƙyasta ashana ba in ya ga mutum a ciki."

Laure ta waiwaya ta dubi shinkafar da ke zube. Wata matashiya, Humaira, ta ce, "Inna, in munka bar ta nan, tsuntsaye za su yi biki. Ga maza, sai sun ce mun gudu daga aiki."

"Su ce. Tsuntsu ya ci mudu, wuta ko dutsi duka za ta ci." Laure ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ku rufe ta da tabarmi. Humaira, ruga tunga, duk mai lauje ta fito, har wadda ke jego ta aiko da nata. Ki ce wa Maliki ya kawo jakuna."

Ɗayyaba ta ce, "Inna, a yanka daga sama, kamar taki ɗaya daga ƙasa. A kakkaɓe kawunan a wurin, abin da ya nuna ya zuba. A kula da zoben duwatsu."

"Ji ta! Da wa kinka dasa su? Ke dai tahi da dokokinki." Ta soke laujen a ɗamara. "Ba ki hawa da mu?"

"An kira ni Birni."

"Kiran lahiya?"

"A'a."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, daga hijabin da rana ta ƙoɗar zuwa takalman da marmara ta cinye.

"To tahi. Kar ki yi musu kuka."

"Ba na kuka, Inna."

"Na sani. Ke ko albasa ba ta sa ki hawaye."

A tashar Argungu ta sami mota saura mutum ɗaya. Aka matsa mata a baya, tsakanin wata mai kwandon busasshen kifi da wani mutum mai babbar riga da ke magana tun kafin a tayar da mota. Da suka fito gari, dutsen ya bayyana daga nesa, mutumin ya nuna shi da baki.

"Kun ga wancan? An ce za a maida shi na ƙasa. Har giwa za a kawo, da zaki."

"Giwa ta ci mi?" in ji direba.

"Haki mana! Ai shi suke kiwo. Wata yarinya anka sa, 'yar jami'a. Shekara da shekaru ba ta aje komi ba sai haki. Ka ga inda boko ya kai mu. Ubanta ya biya makaranta, ita ko tana gadin ciyawa."

Aka yi dariya. Mai kifi ta ce ita dai ta ji an ce yashi ya daina sauka a Tungar Marke. Mutumin ya ce wannan ikon Allah ne, ba aikin yarinya ba.

"Ikon Allah ne, Alhaji," in ji Ɗayyaba. "Amma duwatsun da suka tare yashin, da hannu aka jera su."

"Kin san ta ne?"

"Ni ce mai gadin ciyawar."

Direba ya tuntsire da dariya har yana dukan sitiyari. Mutumin ya gyara hula ya ce ai shi wasa yake yi, kuma dama daga ganinta ya san 'yar manyan mutane ce. Mai kifi ta zaro ƙatuwar tarwaɗa ta tura mata a cinya, ta ce ba sayarwa ba ce. Ɗayyaba ta yi godiya, ta waiwaya ta taga. Dutsen ya riga ya ɓace a bayan itatuwa. Ba ta san ko matan sun fito ba. Ba ta san ko mazan sun bar su ba.

Ta isa ofishin hukuma a Birnin Kebbi kafin a kira azahar. Rahmatu, sakatariyar Darakta, ta nuna mata benci.

"Ya ce ki jira."

Ta jira. Aka yi salla aka dawo. Masu shiga suka shiga, suka fito. Wasu abokan aiki suka wuce suna gaishe ta da ido kawai, don labari ya riga ta zuwa. Rahmatu ta kawo mata ruwan leda, ta sunkuyo.

"Ke ma dai, Ɗayyaba. Ki ce to mana, ki ba shi haƙuri. Haki ne fa."

"Haki ne," in ji ta. Ta sha ruwan.

Ta gane dalilin jiran. So yake ta zauna a nan har la'asar ta yi, har aikin ya wuce. Ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya. Zaman jira ba baƙonta ba ne. Wanda ya jira ƙirya ta tsiro a kan marmara ba benci ne zai gajiyar da shi ba.

Sai da inuwa ta karkata aka ce ta shiga.

Alhaji Dankure na zaune, tabarau a kan tebur. A bango bayansa akwai babban hoton Dutsen Zabi na da, ƙwal, ja, kwazazzabai sun tsattsage shi. Bai yi mata tsawa ba. Ya nuna mata kujera, ta ce ta gode, ta tsaya.

"Kin san wa ya tsaya kai da fata anka ba ki wurin ga?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ban manta ba."

"Kowa ya ce mace ba ta iyawa. Na ce ku bar ta. Kin kuwa iya, ban musa ba. Amma ke dutse kike gani, ni kuwa ina ganin abin da ke bayan dutse. Ba mu kaɗai ke nema ba, akwai wasu jihohi. Mutanen ga ba su zuwa su durƙusa su leƙa ƙarƙashin haki. Mota za su tsayar, su duba, su ɗauki hoto, su ci abinci, su tahi. In sunka ga kore, mun samu: shinge, motoci, su Irimiya su zama ma'aikatan dindindin. In sunka ga busasshe, shi ke nan. Dashe ana sake shi. Wannan dama ba ta dawowa."

Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ci wa Ɗayyaba rai ke nan.

"Kuma bari in gaya miki abin da ban yi niyyar faɗa ba," ya ci gaba. "In an samu, sunanki na sa a matsayin shugabar gandun ta farko. Ki ce min kin yi kuskure da safe, mu manta."

"Ranka ya daɗe, in na sa wutar, gandun me zan shugabanta? Toho mako nawa yake yi? Baƙi su tafi, shanu su cinye, rani ya zo ya iske ƙasa tsirara. Na gaya wa mutanen tunga su haƙura da yanka, su haƙura da kiwo, wata rana za su ga amfanin. Sun haƙura. Ba zan koma in ce musu na ƙone don hoto ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya danna, ya ajiye ta a tebur don ta ji da kunnenta.

"Irimiya. An gama?"

"Yallaɓai..." Muryar na zuwa cikin hayaniya. "Yallaɓai, na zo da fetur kamar yadda ka ce. Amma dutse ya cika da mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Mata, yallaɓai. Da tsofaffi. Da jakuna. Har maza sun bar shinkafa sun hau. Daga gindi har sama, ko'ina lauje ne."

Ɗayyaba ta runtse ido. Ta dafa bayan kujera.

"Kore su!"

"Na gwada, yallaɓai. Wata tsohuwa ta ce in zan sa wuta in fara da zaninta."

Daga nesa wata murya ta ratso, tsohuwa amma kakkaifa: "Miƙo min shi nan! Gaya mishi ya zo da kainai, akwai lauje guda da ba mai shi!" Sai shewa, sai guɗa, sai wata waƙar aiki da mata suka ɗauka gaba ɗaya har ta rufe muryar Irimiya.

Alhaji Dankure ya kashe wayar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ke kinka buɗe musu."

"Ni ce. Kuma bayan ka karɓe makullai na yi, na sani. Irimiya ya ɗauki jarka kamar yadda ka umarce shi. Laifin nawa ne ni kaɗai."

"Gobe fa? Kina tsammani gobe babu ashana?"

"Gobe ma za su hau, da jibi, har su gama. Abin da zai rage ba zai ɗauki wuta ba."

"Wato baƙina su zo su iske dutse an aske shi kamar kan jariri ranar suna."

"Za su iske dashen a fili. Ba sai sun durƙusa ba. A kai su fadama su ga inda yashi ya tsaya. A bakin kwazazzabon gabas akwai sawun gada, in aka je da sassafe..."

"Ba ke za ki kai su ba."

Ya ɗauki tabarau ya sa. Muryarsa ta koma ta ofis.

"Daga Litinin ki dawo nan. Akwai sito a baya, inda shebur da baro suke, ba mai kula da shi. Sunanki na janye. Ƙafarki kuma kar ta sake wuce ƙofar gandun, zan gaya wa 'yan gadi. In kwamiti sunka ba wata jiha, Ɗayyaba, kowa a gidan ga ya san wa za a tuna."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ta juya. Har ta kama ƙofa ya kira ta. Ba ita yake kallo ba, ya juya kujera yana kallon hoton bango.

"Ƙiryar... da gaske ta kai gwiwa?"

"Wasu sun kai ƙugu."

"Muna yara, daga nan ake saro turmi." Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya ɗaga hannu kawai. "Je ki."

Rahmatu ta bi ta har baranda tana tambaya da ido. Ɗayyaba ta ce mata sai Litinin, ta kuma roƙe ta ta nemo mata makullin sito. Ta ciro tarwaɗar nan daga jaka ta ba ta, ta ce a yi wa yara miya.

Ba ta wuce Argungu kai tsaye ba. Ta sauka a mararraba, ta hau kabu-kabu. Tun daga nesa take leƙen sama ta kafaɗar mai babur. Rana ta yi ƙasa, sararin bisa dutsen fes yake, ko ɗigon hayaƙi babu. Gefen da ke kallon fadama ya riga ya canja kama, an aske shi layi-layi, jerin duwatsun da suka yi sun fito kamar haƙarƙari. Daga sama dammunan gamba na gangarowa a kan mutane da bayan jakuna, ba a ganin fuskoki, sai ka ce ciyawar ce da kanta take tafiya.

Irimiya na bakin ƙofa, jarkokin na gefe ba a buɗe ba. Da ya gan ta ya miƙe, ya cire hula, ya rasa inda zai sa ido.

"Madam... an kira ni. An ce..."

"Na sani, Baban Cynthia. Ba shiga zan yi ba."

Ta tsaya daga waje, taki kaɗan daga ƙofar da ta yi shekara huɗu tana buɗewa.

"Na hau na gani," in ji shi a hankali. "Ba su taɓa dashe ko ɗaya ba. Yanzu da aka yanke, ana ganinsu reras, kamar 'yan makaranta a layi." Ya share murya. "Dutsen nan ya yi kyau yau."

"Ka ce dutse?"

"Ban ce ba. Kunnenki ne."

Inna Laure ce kusan ta ƙarshe, dami a ka, lauje a ɗamara, zufa ta jiƙa mata riga. Ta tsaya a gaban Ɗayyaba ba ta sauke ba.

"Iri rabi ya zuba, rabi ɗanye na. Baɗi gamba ba ta kai ta bana."

"Na sani, Inna."

"Tsuntsaye kuma sun yi bikinsu." Ta dubi ƙofar, ta dubi inda Ɗayyaba ta tsaya. "Mi ya hana ki shiga?"

"An hana ni."

"Yau kaɗai?"

"Gaba ɗaya."

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta zaro kan gamba ɗaya daga daminta, ta murza shi a tafin Ɗayyaba, 'yan ƙwayoyi masu gashi suka zube. Ta naɗe mata yatsu a kai, ta bi sahun sauran.

Aka kira magariba a tunga. Irimiya ya ja ƙofar ya sa kwaɗo, yana ciki, tana waje. Ta daɗe tana kallon tudun har zoben duwatsun suka daina ganuwa.

Ta lissafa abin a ranta ba tare da ta rage komai ba. Dutsen ya fita daga hannunta. Kujerar da aka yi mata tanadi ta tafi. In baƙi suka zo wani ne zai nuna musu dashen, in kuma suka juya baya sunanta za a kira. Ranar Litinin za ta zauna a sito tsakanin shebur da baro, kuma ranar da ƙiryar nan za ta yi inuwa, ba ita za ta zauna a ƙarƙashinta ba.

Ta zuba irin a aljihun jaka, ta ja zif, ta ɗaga wa mai kabu-kabu hannu.